Shirun Kwana Uku a Gidan Madam Tida

Abin da ya fara ɗaukar idona a Paris wani tsoho ne mai askakken kai, ya yafa mayafi ruwan goro, kafaɗarsa ɗaya a waje cikin sanyin nan, yana hawowa daga metiro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta unguwar Belleville. Wani mai sauri ya banke shi, ledar hannunsa ta faɗi, lemu ya watse a kan matakala. Maimakon mutumin ya ba shi haƙuri, sai ya juyo ya zazzaga masa zagi. Tsohon ya tsaya cik kamar mai sauraron wani abu a cikin ƙirjinsa, sa'an nan ya durƙusa ya tsince lemunsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce a raina, wannan ko kurma ne ko matsoraci. Na ja balis ɗina, akwatin kayana, na wuce, don a ranar adireshin Lawali yana cikin tafin hannuna, ba ni da lokacin lemun kowa.

Ni 'yar Damagaram ce, sunana Fasuma. Duk abin da na sani game da so a littattafan kasuwa na koye shi, waɗanda ake kawo mana daga Kano muna karɓa-karɓa a lakwal, wato makaranta, har bangonsu ya cire. A cikinsu yarinya takan yi haƙuri shafi ɗari biyu, tana kuka a bakin taga, a shafin ƙarshe saurayi ya dawo da mota da hawaye. Shekara huɗu Lawali yana rubuto mini wasiƙa daga Paris. Da na samu gurbin karatun jinya a Lyon, ban ga Lyon ba, Paris na gani. Ban ma faɗa masa ranar zuwana ba, don a littafi ba a faɗa. Ƙofa kawai ake ƙwanƙwasawa.

Na ƙwanƙwasa. Wata matashiyar mace ce ta buɗe, da jariri a kafaɗa, Hausarta irin ta waɗanda aka haifa a can.

"Sannu, wa kike nema? Lawali, viens voir, ka yi baƙuwa."

Ya fito da cokali a hannu. Ya dube ni, ya dubi balis.

"Fasuma? Me ya sa ba ki yi waya ba?" Sai ya juya wurinta. "Ɗiyar maƙwabtanmu ce a gida."

Matar tana da kirki, wannan ne ya fi mini ciwo. Ta dafa mini shayi, ta miƙo mini jaririn na riƙe. Hancinsa na Lawali ne sak. Na sha shayin har ƙasa, na yi godiya, na sauko.

Innata ta ba ni sunan wata Hajiya Delu, mutuniyar Maraɗi mai butik ɗin sayar da atamfa da shadda a unguwar Château Rouge. Ita ta karɓe ni. Mako uku na yi a wurinta, ina naɗe turame da rana, ina kwana tare da ɗiyanta mata. Duk wanda ya shigo butik ya ji labarina, magana ɗaya yake yi, ki yi haƙuri. Ni kuma abin da na fahimta da haƙuri shi ne jira. Kullum da la'asar sai na ja kujera bakin ƙofa, ina kallon mafitar metiro, ina shirya abin da zan ce idan Lawali ya zo ya durƙusa. A wannan zaman ne wani mai jaka da tattausar murya ya ce zai mayar da sunana wata makaranta a Paris ɗin, ya karɓi takarduna na asali ya ɓace. Sai da Hajiya ta bi shi har shagon askin da yake zama, ta tara masa jama'a, kafin ya fito da su.

Da ta dawo ta jefa mini su a cinya.

"Ke, tashi. Uwarki gadin metiro ta aiko ki? An fara karatu tun wancan mako. Gobe da safe ni da kaina zan sa ki a jirgi."

"Hajiya, in Lawali ya zo fa?"

"In ya zo zan sayar masa da atamfa ya kai wa matarsa."

A Lyon saura kaɗan a soke sunana a makaranta. Da na samu wannan ya daidaita, sai maganar masauki ta taso. Duk inda na je a waya ɗaki yana nan, in na iso an riga an bayar. Wata rana a unguwar La Guillotière na shiga wani butik na mutanen Asiya neman barkono, na ga 'yar takarda manne a bango: tsohuwa tana neman ɗaliba ta zauna da ita, ta riƙa yi mata cefane da rakiyar likita. Haka na sadu da Madam Tida.

'Yar ƙaramar tsohuwa ce mutuniyar Kambodiya, gashinta fari fat kuma an rage shi kamar na namiji, gwiwoyinta sun ƙi, gidanta kuma hawa na huɗu ne babu asansar, sai matakala. Faransancinta a karye yake, nawa kuma na littafi ne, amma mun fahimci juna. Ranar farko ta tambaye ni abin da ba na ci. Washegari na tarar da sabuwar tukunya da sabon ludayi, ta ɗaura musu jan zare, ta ce waɗannan alade ba zai taɓa su ba. Na shiga ɗaki na yi kuka, don tun saukata babu wanda ya tambaye ni abin da nake ci.

Ɗakin da ta ba ni na marigayi mijinta ne. A sama can a kusurwa akwai wata 'yar kanta ta katako, a kanta wani mutum-mutumi na icce, tsawon tafin hannu, yana zaune ya naɗe ƙafafu, hannu ɗaya yana taɓa ƙasa. Ta ce Buda ne, malamin addininsu na tun da. Kullum da safe takan shigo ta ajiye masa ruwa a ɗan kofi, ta kunna turaren tsinke, ta haɗa tafin hannu ta fita.

Da na shimfiɗa dardumata mai ɗan agogon alƙibla, sai allurar ta nuna wannan kusurwar daidai. Ni ɗiyar Malam Habu, in yi sujada da wannan a gabana? Kicin ɗin bai ɗaukar darduma, baranda kuma tana kallon bayi. Abin da ya kamata shi ne in faɗa mata. Amma mu ba a haka aka tashe mu ba. Mutum ya ba ka ɗaki, ya saya maka tukunya, sa'an nan ka buɗe baki ka ce abin da yake girmamawa ya tsare maka hanya? Kunya ta hana ni. Sai na nemo dabara. In lokacin salla ya yi na kulle ƙofa, na hau kujera na sauko da shi, na naɗe shi a tsohon zanena don kada ya gurje, na sa shi a ƙasan kabad wajen takalma. In na sallame na mayar. A ganina har mutunci nake yi masa. Wata biyu ina haka.

A lokacin takardar zamana a ƙasar ba ta fito ba. An ba ni ranar zuwa ofishin da ke bayar da ita, wata Juma'a, kuma cikin abin da suke nema har da shaidar mai gida cewa a wurinsa nake zaune. In babu ita babu katin zama, in babu kati babu karatu, sai komawa Damagaram hannu biyu, ba miji ba digiri. Madam Tida ta ce in rubuta, za ta sa hannu. Ranar Litinin na rubuta, na ajiye a teburin kicin da bik ɗin rubutu a kai.

A wannan Litinin ɗin, bayan azahar, wayar gidan ta yi ƙara. Lawali ne, ban san inda ya samo lambar ba. Zuciyata ta buga irin bugun da na sha karantawa. Na ce ga shafin ƙarshe ya zo.

"Fasuma, ki yi haƙuri da abin da ya faru. Abu ɗaya nake roƙonki. In kin yi waya gida, kada ki ce kin ga mace a wurina. Tsohuwata ba ta sani ba tukuna."

Wannan ne kawai. Bai tambayi inda nake kwana ba.

Na kife wayar. Na yi alwala, na shiga ɗaki, ko ƙofar ban kulle ba. Na sauko da mutum-mutumin, na naɗe shi sama-sama, na buɗe kabad, sai ya suɓuce daga zanen ya bugi gefen gado. Kan ya cire, ya gangara ya tsaya jikin takalmina.

Ƙarar ce ta kawo ta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana dafe da sanda. Daga baya na san abin da idonta ya gani. A wurinsu ba a sauke Buda ƙasa da kan mutum, ba a kai shi kusa da ƙafa balle takalmi, kuma babu wulaƙancin da ya kai a rufe shi da zanen da mace ke ɗaurawa a ƙugu. Na haɗa duka ukun, na ƙara da cire kai.

Fuskarta ta canza yadda ban taɓa gani ba. Na jira mari. Ta tsaya cik, ta daɗe. Sa'an nan ta sauka a kan gwiwoyin nan nata marasa lafiya, ta ɗauki gangar jikin da kan da hannu biyu, ta kai su goshinta.

"Madam, don Allah, bari in yi miki bayani."

"Ba yau ba," ta ce, ta shige ɗakinta.

Na san wannan, ko kuma na zaci na sani. Gaba ce. A garinmu na ga matan da suka yi shekara ba su ce wa juna uffan ba. Na sauka kabin ɗin waya na kira Hajiya Delu.

"Kin fasa mata me? La'ilaha illallahu! Ke wai ba a barin ki ke kaɗai ne? Haɗa kayanki, amma kada ki fita sai ta kore ki. Ki je ki durƙusa."

Talata na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Ba yau ba." Laraba ma haka. Takardar tana nan a kan tebur, bik bai motsa ba. Na haɗa balis. A aji ba na jin komai, ina ta tsara yadda zan sauka daga mota a tashar Damagaram da abin da zan ce wa Inna.

Abu biyu ne suka ƙi shiga lissafin gabar nan. Kullum in na dawo da rana sai na tarar da shinkafata a tukunya mai jan zare, an rufe da faranti. Kuma da safe, ta tsagin ƙofarta, nakan gan ta zaune a kujera, bayanta a miƙe, hannuwa a cinya, ido a lumshe, tana jan numfashi a hankali. Hawaye na bin kumatunta, ba ta sharewa. Takan fi awa a haka.

Alhamis da hantsi ta kira ni kicin. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ga guntaye biyun a kai, ga 'yar kwalbar gam.

"Zauna. Yau zan iya."

Ta ce mijinta ne ya sassaƙa shi da wuƙar kicin, a sansanin gudun hijira a bakin iyakar ƙasarsu, bayan yaƙin da ya cinye mata iyaye da ɗiya ɗaya. Ta ce a ƙauyensu ta ga masu bindiga suna sare kawunan irin waɗannan da gangan, suna dariya.

"Da na ga kan nan a ƙasa, ba ke na gani ba, su na gani. Kwana uku ina raba ki da su."

"To me kike yi a zaune?"

"Ina kallon fushin." Ta taɓa maƙogwaronta. "Litinin yana nan, yana cewa jefa jakarta ta taga. Talata ya sauko ciki, ya yi wayo, yana cewa ba sai kin yi faɗa ba, kada dai ki sa hannu a takarda. Jiya ya gaji, sai na ga abin da ke ƙarƙashinsa. Ashe mijina nake wa kuka."

Ta ce a koyarwar Buda haƙuri yana cikin manyan halayen da ake horar da kai a kansu, kamar yadda ake koyon sana'a, kullum kaɗan. Ba wai fushi ba zai zo ba. Zai zo, amma ba a ba shi baki ba a ba shi hannu, ana zama a dube shi har ya wuce, don duk abin da ya taso yana wucewa. Ta ce akwai haƙuri da sanyi da yunwa da ciwon gwiwa, wannan talaka ma ya iya. Akwai haƙuri da mutumin da ya cuce ka, ba tare da ka yi masa fatan sharri ba.

"Malaminmu a wurin ibada yakan ce mana wanda ya ɓata maka rai shi ya ba ka wurin gwaji. Shekara ashirin ina zaton na iya. Sai ga 'yar Nijar an aiko mini da jarrabawa har hawa na huɗu."

Na yi dariya cikin kuka. Ta ɗaga yatsa.

"Kada ki yi dariya, ban gama ba. Yanzu da ba fushi ke magana ba, zan faɗa miki. Abin da kika yi ba daidai ba ne. Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Sau nawa a rana?"

"In ba na makaranta, biyar."

Ta rufe ido. "Ko ni ban ɗauke shi haka ba. Me ya sa?"

Na faɗa mata maganar alƙibla, da cewa mu ba ma sujada da siffa a gabanmu, da kunyar da ta hana ni magana.

"Kin ji kunyar jimla ɗaya, ba ki ji kunyar hawa kujera sau ɗari uku ba?"

Sai kawai na tarar ina ba ta labarin Lawali, tun daga wasiƙar farko har wayar Litinin. Na ce ni ma ai mai haƙuri ce, shekara huɗu ina yi.

"Wannan jira ne," ta ce. "Mai jiran jirgin tiram ma yana yi." Ta ɗauki kan iccen ta juya shi a tafinta. "Akwai na uku, shi ya fi wuya. Ka iya kallon gaskiya ba ka kau da kai ba. Wannan kan ya cire. Ko na zauna shekara, ya cire. Mutumin nan naki yana da mata da ɗa."

Babu wanda ya taɓa faɗa mini haka ƙarara, har da ni kaina. Kuma a nan na tuna ashe mu ma an koya mana a makarantar allo, in rai ya ɓaci mutum ya zauna, ya yi shiru, ya yi alwala. Na haddace tun ina ƙarama, ban taɓa ganin wanda ya yi kwana uku yana yi ba sai wannan tsohuwa da ba ta san alwala ba.

Ni na riƙe gangar jikin, ita ta shafa gam ta ɗora kan. Muka riƙe tare har ya kama. Sa'an nan ta jawo takardar ta sa hannu, ta tura mini ba tare da ta dube ta ba.

"Ina Makka take?"

Na nuna mata. Da yamma na cire kantar, na kafa ta a ɗakinta, sama da kanta kamar yadda ta ce. Ta ce dama gwiwoyinta sun gaji da zuwa ɗakin nan, mijinta ne ya kafa ta shi ya sa ta kasa taɓawa.

Juma'a na samu takardata. Asabar na rubuta wa Inna gaskiya duka. Ban aika wa uwar Lawali komai ba, wannan kayansa ne, shi zai ɗauka. Shekara uku na yi a gidan nan. Ban taɓa sunkuya wa mutum-mutumin ba, ita ma ba ta taɓa nema ba. In azumi ya zo takan ajiye mini ayaba a bakin ƙofa. Wata Lahadi na raka ta da tukwanen abinci har ƙofar wurin ibadarsu a bayan gari, na hango malamansu da askakken kai da mayafi ruwan goro. Sai tsohon Belleville ya faɗo mini a rai, da yadda ya tsaya cik kafin ya durƙusa. Ashe ya ji zagin sarai.

Na gama karatu, na samu aiki, na yi aure a nan Lyon da wani mutumin Tawa da bai taɓa rubuta mini wasiƙa ko ɗaya ba. Kaka Tida, don haka na koma kiranta, ta tsufa ƙwarai, mantuwa ta kama ta, ɗanta da ke zaune a wani wuri ya zo ya kai ta gidan kula da tsofaffi. Ciwon bai bar mata haƙurin nan nata ba. Takan jefi masu aiki da cokali, ta yi ta faɗa da harshensu. Ranar da ta watsa mini miya a riga, na ji abin ya taso mini nan a maƙogwaro. Na zauna a bakin gadon na dube shi har ya sauka, sa'an nan na ɗauko wani cokalin.

Zuwana na ƙarshe, makonni kaɗan kafin ta rasu, ba ta san sunana ba, ba ta san na ɗanta ba. Mutum-mutumin yana kan kabad ɗin ɗakin, layin gam yana nan a wuyansa. Ta daɗe tana kallon ɗankwalina. Sai ta kama hannun mai aikin da ke gyara mata matashi, ta ce da Faransancinta karyayye, "Ki kai shi wancan gefen. Yarinyar nan za ta yi salla." Ta ɗaga yatsa ta nuna mini wajen taga. "Makka can ce."

Ba can ba ce. Na ce, "Na gode, Kaka."